LAFIYA UWAR JIKI: Yawan fitsarin dare da maganin itatuwa



A watan nan za mu yi magana bisa wata damuwa da dattawa da yawa ke ɓoyewa don kunya, a Kiyeshe da sauran garuruwan Arewa. Ita ce yawan tashi fitsari da dare. Tashi sau ɗaya ba kome ba ne. Amma wanda ke tashi sau 3 ko 4 kullum bai samun barci. Da safe kuma bai da ƙarfin riƙe hauya ko bin garke.

Mi ke kawo shi?

Na farko, abin sha. Shayin dare mai ƙarfi yana ƙara fitsari. Haka kofi da ruwan soɓo.

Na biyu, tsufa. Kowane namiji yana da wani ɗan ƙullutu ƙarƙashin mafitsara. Lokotoro na ce mashi furostat. Bayan shekara 50 yana yawan kumbura, ya matse hanya. Sai fitsari ya riƙa fita kaɗan-kaɗan, mafitsara ba ta ƙarewa.

Na uku, ciwon sukari. Mai shi yana fama da ƙishirwa, yana ramewa, ƙwari suna taruwa inda ya yi fitsari.

Na huɗu, tsargiya. Ana ɗaukar ta cikin ruwan tabki mai dodon koɗi. Alamarta jini ne ƙarshen fitsari.

To, ina maganin itatuwa?

Akwai wani icce a duwatsun Kamaru, sunansa Prunus africana. A Faransa an yi ƙwayar magani da ɓawonsa saboda kumburin furostat. An yi ta saran shi har ya kusa ƙarewa a wasu wurare. Shi ya sa a 1995 ƙasashen duniya suka sa doka bisa cinikinsa. Wannan icce bai tsira a ƙasarmu. Wanda ya ce ya sassaƙo shi a dajin Dallol Mauri, ƙarya yake.

Abin da ke kusa da mu shi ne ƴaƴan kabewa. A Jamus ana amfani da su don wannan damuwa. Suna rage wa wasu dattawa wahala, amma ba su warkarwa. A soya su, a ci kamar gujiya.

A yi hattara da jiƙon kasuwa wanda ba a san abin da ke ciki ba. Wani yana ƙara fitsarin, wani yana ɓata ƙoda. Kuma babu sayyar da ke maye gurbin awon jini. Tsargiya tana da ƙwayarta, Praziquantel, wadda aka fara raba wa yara a lakkol tun 2004.

Ga abin yi:

A sha ruwa sosai da rana, a rage bayan magariba. A bar shayin dare. A yi fitsari kafin kwanciya. Mai kumburin ƙafa ya ɗora ƙafafunsa bisa matashi da la'asar.

Wanda ya ga jini, ko zafi da masassara, ko rama da ƙishirwa, ya tafi likita. In fitsari ya tsaya sam, mara ta kumbura, kada a jira gari ya waye. A ɗaura amalanke ko a nemi mota, a kai shi asibitin Dogondutsi ko na Tibiri.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa baba da kawu wannan shafi. Ciwon da aka ɓoye shi ke kada mutum.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.