A gwada wasan salula a ajinmu kafin a saya wa 'ya'yanmu

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani baƙo da ya fara ƙwanƙwasa ƙofar makarantun karkara, wato wasannin salula da na kwamfutar hannu waɗanda ake cewa suna koya wa yara karatu da lissafi. Ni malamin firamare ne a ƙaramar hukumar Gidan Amumune, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi. Na daɗe ina riƙe da ajin CI da CP, inda yaro ke fara haɗuwa da baƙi da wasali.

Bara wani ƙanena ya sa mini wani wasan koyon haruffa a salulata. Harafi uku ko huɗu ne suke fitowa, murya ta faɗi ɗaya, yaro ya taɓa shi, in ya dace a ba shi tauraro. Na riƙa zama da yara shida a gindin dogon yaro lokacin hutun tara, suna karɓa-karɓa. Ban taɓa ganin zumuɗi irin wannan ba. Har waɗanda ba na cikinsu suna leƙowa ta bayan kafaɗa. Bayan mako uku wani yaro ya zama gwani, yana tsallake mataki bayan mataki, ni ma zuciyata ta yi fari. Sai ranar nan na ɗauki alli na rubuta masa waɗannan haruffa a allonsa, na ce ya karanta. Bai gane rabinsu ba. Da na zuba masa ido a karo na gaba sai na ga dabararsa: ba ya ma sauraron muryar, taɓawa kawai yake da sauri, wannan bai yi ba ya taɓa na kusa, har tauraro ya faɗo. Wasan ba ya rage masa komai in ya yi kuskure, don haka ya ƙware a wasan, karatun kuwa yana nan inda ya bar shi. Wata yarinya mai sanyin hali, wadda take can baya a yawan taurari, ita ce ta fi kowa karanta allon, saboda takan tsaya ta maimaita sautin da bakinta kafin ta taɓa.

Da wani babba ya zo daga Yamai a makon nan na uku, ya tarar da yara sun yi cincirindo suna tafi, da ya koma da labarin nasara. Wannan ne ke hana ni barci. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kada a ɗauka ƙin abin nake. Mu da ke cikin aji mun fi kowa sanin girman ramin da muke ciki. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a cikin yaran Nijar da suka kai ƙarshen firamare, waɗanda karatunsu ya kai mizani ba su kai ɗaya cikin goma ba. An ɗan samu sauƙi a na 2019, amma har yanzu mafi yawa suna barin CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba su iya karanta wasiƙa su fahimce ta. Malami ɗaya a gaban yara sittin ko saba'in ba zai iya zama da kowane ɗaya ya ji yadda yake furta harafi ba. Na'ura kuwa ba ta gajiya da maimaitawa, ba ta tsawa, ba ta ɗaga bulala.

Kuma akwai shaida daga ƙasar Hausa kanta. A 2022 Bankin Duniya ya fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙauyukan jihohin Kano da Jigawa, inda aka raba wa wasu gidaje salula ta hanyar ƙuri'a, ɗauke da wasan Feed the Monster da littattafan yara, duk da Hausa. Asalin wannan wasa da Larabci aka yi shi domin yaran Siriya da yaƙi ya raba da makaranta. Bayan shekara guda aka koma aka jarraba yaran, sai aka tarar waɗanda suka samu salular sun fi takwarorinsu karatu da lissafi, har 'yan'uwansu na gida sun amfana. A Tanzaniya ma, tsakanin 2017 da 2019, an gwada wasanni da harshen Swahili a ƙauyuka 170 na yankin Tanga, da yara kusan 2,700, tsawon wata 15. Da farko waɗanda ke iya karanta ko kalma ɗaya ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba. A ƙarshe sun kai kashi 45. Amma a ƙasar Peru, inda gwamnati ta raba wa ɗalibai dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, binciken da aka yi a makarantun karkara 319, wanda ya fito a 2012, bai ga wani ƙari a lissafi ko a harshe ba. Abin da ya sa muka san duk wannan shi ne an auna yaran kafin a fara, an sake auna su daga baya, an kwatanta su da waɗanda ba su samu ba. Sai dai a lura, salular Kano da Jigawa a gida take, yaro yana da ita safe da yamma. Aji mai yara saba'in da na'ura goma wani lamari ne daban, kuma shi ne namu.

Sannan ga maganar harshe, wadda mai zama a ofis ba lallai ya hango ta ba. Wasan da aka naɗi muryarsa a Kano zai ce fura, fita, fari. Ɗana na nan hura ya sani, da hita, da hwari. Babba ba zai damu ba, amma yaro ɗan shekara bakwai da ake so ya haɗa sauti da harafi a karon farko zai iya rikicewa. Ga kuma abin da ya fi wannan: wasa ya koya masa "c" irin ta ciki da cokali, ya shigo aji ni kuma in ce masa "c" ita ce farkon cahier. Haka "u", haka "e". Tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki, amma mafi yawan littattafan da ke hannunmu har yau na Faransanci ne. Dole wanda zai kawo wasa ya faɗa mana a wane mako na manhaja zai shiga, kuma wane harshe ne ke gaba.

Lissafin ma haka. Yarinyar da ke tallan ƙosai a nan da dala take ƙirga. In ta ce ashirin, dala ashirin take nufi, abin da takarda ke rubutawa 100. Jika kuma 1,000. Kan nan nata cike yake da ninkin biyar tun kafin ta taka ƙofar makaranta. Wasan da zai nuna mata naira, ko ya ce ta ƙirga 'ya'yan itacen da ba ta taɓa gani ba, ya zubar da wannan jari. Mu da muka tashi da dara da carafke mun san wasa na iya wasa ƙwaƙwalwa, in dai daga cikin rayuwar yaro ya fito.

Sauran matsalolin kowa ya san su. Wuta babu, rezo sai an nemi tudu, ƙurar hunturu ba ta barin komai, zafin bazara kuma yana kashe batir. Azuzuwa da yawa na zana ne da kara, ba ƙofa ba makulli. Ba mu manta da gobarar Nuwamban 2021 a birnin Maraɗi ba, wadda ta cinye yara sama da ashirin a irin waɗannan rumfuna, don haka batun inda za a yi caji ba ƙaramin batu ba ne. Na kuma lura cewa in aka bar yara da na'ura, maza masu ƙarfi ne ke ƙwace ta, 'yan mata su koma 'yan kallo.

Roƙona ga ma'aikatar ilimi da ƙungiyoyin da ke tallafa mata shi ne, kafin a kashe ko dala a kan dubban na'urori, a zaɓi wasu makarantu a gundumomin Mayahi da Tasawa ta hanyar ƙuri'a, wasu su samu, wasu su jira. A jarraba yaran duka a watan Oktoba, a sake a watan Yuni, da alli da allo da takarda, ba a cikin wasan ba. Mai jarrabawar kada ya zama mai sayar da wasan. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: a 2009 da 2010 an bi wannan hanya a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Doso da Damagaram, a shirin ABC na yaƙi da jahilci, aka tabbatar cewa manyan da aka haɗa musu karatu da salula sun fi sauran ci gaba. A kuma lissafa kuɗin kowane yaro, da gyara da caji da canjin batir, a ajiye shi kusa da kuɗin littafin karatu ɗaya ga kowane ɗalibi, wanda har yanzu ba mu samu ba. Sakamakon, mai daɗi ko marar daɗi, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyon karkara da gaban kwamitocin iyayen yara.

A ba malamai wasan su zauna da shi mako biyu kafin yaro ya taɓa. Mu ne za mu gane wanda ake cin taurarinsa da taɓe-taɓe. Idan za a yi wannan gwaji, a sa ajina a cikin ƙuri'ar, ko da a cikin masu jira zai faɗa.



Naka,
Wani malamin firamare,
Gidan Amumune, gundumar Mayahi