Garin Neman Gira, An Rasa Ido

Cikin ƴan shekarun nan kwalliyar rubutu ta samu gindin zama a Tasawa da Mayahi da ƙauyukan da ke kewaye da su. Katin ɗaurin aure yakan zo da haruffa masu doguwar wutsiya, kamar gwani ne ya ja su da alƙalami. Ƙyallen sanarwa da ake ɗaurewa a bakin filin taro yakan sha launi. Takardar yabo da ake miƙa wa ɗalibi ranar rufe shekarar karatu takan sha zane gefe da gefe. Ba mai ƙin wannan, domin Bahaushe mai son ado ne tun fil azal: shi ya yi wa riga aska, shi ya yi wa soro zanko. Abin ƙi shi ne farashin da ake biyan wannan ado da shi. Haruffa huɗu na Hausa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su ake yanke wa ƙugiya a kan kati da ƙyalle da allon shago, don kawai salon haruffan da mai ordinata ya zaɓa bai san da zamansu ba.

Ya kamata a fara da bayyana yadda ɓarnar take aukuwa, don kada a ɗora wa aljanu laifi. Kowane salon haruffa da ke cikin ordinata, abin da masu maɗaba'a ke kira polis da Faransanci, tamkar akwati ne da wani mazani ya cika da siffofin haruffa ɗaya bayan ɗaya. Abin da bai zana ba, ba ya cikin akwatin. Salo irin su Monotype Corsiva da Brush Script da Lucida Handwriting, waɗanda ake rububinsu don sun yi kama da rubutun hannu, an zana su ne domin harsunan Turai, kuma babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya a cikinsu. Idan aka buga ƙ, sai na'ura ta aro shi daga wani akwati dabam, ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar kalma kamar baƙon da ba a gayyata ba, ko kuma ta ajiye ɗan akwati fanko a gurbinsa. Nan ne mai buga kati yake yanke hukunci. Zai iya sauya salo ya bar kalma da lafiyarta, zai kuma iya riƙe salo ya sauya kalma. Sau da yawa kalmar ce ke shan wuƙa.

Sakamakon yana nan a fili ga duk mai ido. Ƙyallen da ya yi niyyar yi wa manyan baƙi maraba sai ya koma yana gaida “manyan baki”. Katin ɗaurin aure ya zama na “daurin aure”, sai ka ce jiƙon da ake ɗura wa jariri za a ba ango da amarya. Taken taron da ke kiran jama'a ga ci gaban ƙasa ya koma kiran “ci gaban kasa”, wato macijiyar nan da kowane manomi yake addu'ar kada ya taka. Ƙura ta zama kura, ƙarya ta zama karya, ɗa ya zama da. Hatta sunan jihar bai tsira ba. Maraɗi da ɗ ake faɗinta, amma tun da allunan hanya na Faransanci suka saba wa ido da Maradi, sai ga shi ana kwafo wannan siffa cikin sanarwar da aka rubuta da Hausa tsantsa.

Waɗannan haruffa kuwa ba daga sama suka faɗo ba, kuma ba wani malamin lakwal ne ya ƙirƙiro su jiya don wahalar da yara ba. Tun cikin shekarun 1930 aka soma amfani da ɓ da ɗ da ƙ a littattafan da ake bugawa a Zariya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita abacadan harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro yake fara karatu da harshen da ya sha a nono. A watan Oktoba na 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa, kuma a tsarin Nijar ƴ harafi ne mai zaman kansa, saɓanin Najeriya inda aka fi rubuta shi da 'y. Dokar 31 ga Disamba 2001 ta shata hanyoyin bunƙasa harsunan ƙasa. Daga ƙarshe, kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Aikin kusan shekara casa'in ke nan. Abin takaici ne a ce harshen da doka ta ɗaga a Yamai, yaron shagon buga takardu ne zai rage masa haruffa a Tasawa saboda wutsiyar wani harafi ta burge shi.

Masu kare wannan sakaci suna da hujjoji uku da suke maimaitawa, kuma kowace tana bukatar amsa. Ta farko ita ce wai mai karatu yana ganewa daga ma'anar jimla. Gaskiya ne ƙwararren mai karatu yakan gane, amma ba dominsa kaɗai ake rubutu ba. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Saboda haka kalmar “kasa” ita kaɗai tana ɗauke da macijiya, da gazawa, da jera kaya kashi-kashi a kasuwa. Wanda ya cire ƙugiyar ƙasa ya ɗora wa kalmar kaya na huɗu. Yaron aji biyu a Kanambakashe, ko uwar da ta shiga ajin yaƙi da jahilci a Korgom tana da shekara arba'in, su ne za su yi tuntuɓe. Bugu da ƙari, masu wannan hujja ba su taɓa gwada ta a kan Faransanci ba. Malamin da ke zare wa ɗalibi maki a dikte saboda ya rubuta ou a gurbin où, ko cote a gurbin côté, shi ne zai karɓi katin da aka rubuta “kungiya” ya ce ai an gane. Idan ɗigon da ke kan wasalin Faransanci ya isa a hukunta yaro dominsa, da wane dalili ƙugiyar Hausa ta zama abin yafewa?

Hujja ta biyu ita ce wai na'ura ba ta iyawa. Wannan magana ta tsufa. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya shigar da haruffan nan huɗu, manya da ƙanana. Times New Roman da Arial na yanzu suna ɗauke da su. Ƙungiyar SIL ta fitar da salo irin su Charis da Gentium da Andika, na ƙarshen an zana shi musamman domin masu koyon karatu, kuma duka kyauta ake sauke su daga intanet. Allon rubutu na Gboard da ke cikin wayoyin salula yana da Hausa da ƙugiyoyinta. Wanda ya iya nemo hoton fure da zoben aure ya manna a kan kati, ba zai ce neman harafin ƙ ya fi ƙarfinsa ba.

Hujja ta uku ta fi sauran wayo: wai haruffa masu ƙugiya ba su da kyau, suna ɓata tsarin ado. Amsarta tana wurin ɗaya daga cikin manyan mazana haruffa na ƙarni na 20, Bajamushen nan Hermann Zapf, wanda ya rasu a 2015. Shi ne ya zana Zapfino, salon rubutun hannu da ya fito a 1998 wanda masu katin biki a duniya suke alfahari da shi. Shi ne kuma, cikin shekarun 1980, ya sa hannu wajen zana haruffan da aka tsara domin harsunan Najeriya gaba ɗaya, har da masu ƙugiya na Hausa. Gwanin ado bai ga muni a ƙugiya ba. Ai lanƙwasa ita ce jarin mai kwalliyar rubutu, kuma harafin da ya zo da lanƙwasarsa tun daga gida ya rage masa aiki.

Abin da ya fi ciwo cikin lamarin shi ne ƙasar da ake aro mata adon rubutu daga waje ba matalauciya ba ce a wannan fanni. A tsangayun Tasawa da Mayahi har gobe ana feƙe alƙalami daga kara, ana dafa tawada da ƙaro, ana rubuta baƙi da baƙar tawada a sa wasali da ja. Allon zayyana da ake yi wa ɗalibi ranar sauka, da launukansa da zanensa mai kusurwoyi, aikin ƙawa ne da ba ya jin kunyar shiga kowane gidan tarihi. Rubutun nan mai kauri da ake kira rubutun Kano ya kai matsayin da aka ɗauki hoton Alƙur'anin da Sharu Bala Gabari ya rubuta da hannu aka buga shi a maɗaba'a, ya bazu cikin kasuwannin ƙasar Hausa. Kuma marubutan ajami sun ware kaf lasan domin k, ƙaf wau domin ƙ, ɗa mai hannu domin ɗ. Alaramma mai zaune a kan buzu ya kiyaye bambancin da mai ordinata yake zubarwa.

Wasu can nesa sun ga darajar wannan gado. A 2017 SIL ta fitar da salon haruffan ajami mai suna Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga rubutun Kano, daga baya kuma ta ƙara da Ruwudu, wanda aka gina a kan irin hannun da ake rubutu da shi a Nijar. Ko da yake sunan na farkon ma an rubuta shi ba ƙugiya, aikin ya tabbatar da abu guda: hannun malamin zaure yana shiga na'ura ya zauna daram. Idan an yi wa ajami, me zai hana a yi wa boko? Ga masu fenti da buroshi nan a bakin babbar hanyar da ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram, waɗanda suka shekara suna rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci. Mai buroshi ba ya jiran wani kamfani ya zana masa ɗ; karkata hannu kaɗan ya ishe shi. Yau ana ture shi gefe ana rungumar ƙyallen roba da na'ura ta buga, ba tare da an ɗebi komai daga gwanintarsa ba.

Makaranta ma tana da nata kason laifi. Haɗaɗɗen rubutun da ake koya wa yaro a kan layukan kaye samfurinsa daga Faransa ya zo, kuma babu ɓ ko ƴ a cikinsa. Yaro yakan shafe watanni yana koyon yadda ake murɗa babban harafin Faransanci, amma ba a nuna masa inda ƙugiyar ɗ take tashi da inda take sauka idan za a haɗa ta da wasalin da ke biye. Kowane malami da irin tasa dabarar a allo, wani ma yakan bar ta ɗungum. Yaron da ya tashi a haka, shi ne gobe zai zauna gaban ordinata a shagon buga kati. Tun ran gini ran zane.

Gyara ba ya bukatar taron ƙasa da ƙasa, ba ya bukatar tallafin kowa. Ƙungiyoyin raya al'adu da shugabannin makarantu da ma'aikatun magajin gari su ne manyan masu ba da aikin bugawa a waɗannan garuruwa, kuma mai biya shi ke da magana. Su sa sharaɗi tun kafin a ba da kuɗin kafin alƙalami: kowane rubutun Hausa ya fito da haruffansa cikakku, in ba haka ba a sake bugawa da kuɗin mai shago. Ranar da ƙyalle ɗaya ya dawo wa mai shi ba a biya ba, ranar zai gano inda ƙ take ɓoye. Kada a fitar da sanarwa sai wani malamin Hausa ya duba ta, kamar yadda ba a fitar da ta Faransanci sai an kai wa wanda ya iya. Masu kula da koyarwa su tsayar da siffa ɗaya ta haruffan nan huɗu cikin haɗaɗɗen rubutu, a manna ta a bangon kowane aji tun daga na farko. Sa'an nan ƙungiyoyin da ke shirya gasar waƙa da wasan kwaikwayo su ƙara da gasar rubutun hannu, wadda za ta zaunar da alaramma da mai fenti da matashi mai ordinata a tabarma ɗaya. Hannun da ya yi fice a miƙa shi ga ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi masu ilimin na'ura, su mayar da shi salon haruffa da kowa zai sauke kyauta.

Kafin wannan rana ta zo, ƙa'idar mai sauƙi ce ga duk wanda aka kawo wa samfurin kati ya duba: ya fara karanta kalmomin kafin ya kalli furannin. Idan ƙugiya ɗaya ta ɓace, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, sai a mayar wa mai shago abinsa ya gyara.