A Duba Inji Kafin A Bar Gaɓa

Mu mutanen cikin birnin Kano, tun daga Ƙofar Mata har Ƙofar Kabuga, da can iyakar saninmu da ruwa rijiya da kududdufi. Amma tun da aka gama madatsar Tiga cikin 1974, ga kuma ta Watari da ta Challawa, sai jirgin ruwa ya zama abin hawa a ƙasar Kano, malamai da almajiransu suna shiga.

Ba wanda ya manta ran 30 ga Nuwamba, 2021 ta Masihiyya, sa'ad da jirgi ya kife a Watari tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya. Allah ya jiƙansu. An ce lodi ne ya yi yawa. To, a ganinmu matuƙin da ba ya ƙidaya fasinja da wuya ya duba injinsa, gama gangancin ɗaya ne. Inji kuwa in ya mutu a tsakiyar ruwa, iska ta taso, babu gefen hanya da za a raɓa.

Dubawar nan ba ta da wuya. Kafin a tayar, a tabbata fetur zai kai ya komo, an kuwa gauraya shi da baƙin mai daidai gwargwado in injin mai bukatar haka ne. A shafa tiyo ko yana yoyo. A ga an ɗaure injin tam a jikin jirgi, farfela kuma ba taru ko ciyawa da ta naɗe ta. A ajiye fulogi na ko-ta-kwana da filafili.

Bayan ya tashi, kada a yi garaje. A duba ruwan da ke sanyaya shi yana tsartuwa ta ɗan ramin baya. In bai fito ba, a kashe nan da nan, don kuwa zafi zai cinye shi. A saurari ƙararsa, a bari ya ɗuma, a gwada giyar gaba da ta baya, sa'an nan a kwance igiya.

Muna roƙon malamai su koya wa yara wannan a aji, akawunan ƙananan hukumomi kuma su tambayi masu jirage kafin su karɓi kuɗin haraji. Wanda ya ga matuƙi ya ƙi dubawa, ya sauka da yaransa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.