Rahusar kuɗin likita: an rage tikiti, ordonansi fa?

Duk mai zama cikin kasuwa ya san rumfa ba ta rufewa haka kawai. In ka ga teburin mai tumatir kwana uku babu kowa, ko shagon mai atamfa da kwaɗo ranar kasuwa, ka tambayi maƙwabta, amsar da za ka fi ji ita ce: "Suna likita." Kuma sau da yawa in an dawo, ba a dawowa da jarin da aka tafi da shi. A gidan rediyo, duk ranar da muka buɗe waya kan maganar lafiya, tambaya guda ce take dawowa daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai: tunda an ce an yi rahusa a likitar gwamnati, don mi har yanzu ciwo yake cinye uwar kuɗi? Kuma ina ya kamata mutum ya nufa, likitar gwamnati ko kilinik? Yau mun ga ya dace mu zauna mu yi wannan lissafi tare.

Mu fara da abin da aka yi. A watan Agusta na 2024, gwamnatin janar Abdurahamane Tiani ta yanke shawarar rage rabin kuɗin da ake biya a gidajen likita na gwamnati, daga ranar 1 ga Satumba ta wannan shekara. Rahusar ta shafi ganin lokotoro, kwanciya, awon jini da sauran awo, ɗaukar hoto da aikin fiɗa. An ce haihuwa ta zama kyauta, an kuma soke jika 150 da mai ciwon ƙoda yake ajiyewa kafin a fara yi masa wankin jini. Wannan mataki ne na ƙwarai, duk wanda ya taɓa jinya ya san darajarsa. Sai dai ba shi ne karo na farko da aka sauƙaƙa wa talaka ba, kuma abin da ya faru a baya yana da darasi.

Manyanmu suna tuna lokacin da ake shiga likita ba a biyan ko dala. Daga baya baitulmali ya gaza, gidajen likita suka zama babu magani. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka amince cewa maras lafiya ya riƙa biyan wani abu, a yi amfani da kuɗin a sake sayo magani. A 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada. A 1995 Nijar ta kafa dokar biyan kuɗin likita. Daga nan tikiti ya shigo rayuwarmu. Ma'anarsa ita ce: gidan likita na unguwa ko na ƙauye ya zama kamar ɗan kasuwa, yana juya jarinsa na magani. Ya sayar, ya tara, ya sake sarowa.

A zamanin shugaba Tanja Mamadu aka buɗe ƙofar kyauta. A 2005 aka ce fiɗar haihuwa kyauta ce. A 2006 aka ƙara da yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tazarar haihuwa. A 2007 aka haɗa da ciwon daji na mama da na mahaifa. Uwaye suka yi tururuwa zuwa likita, kuma an ga amfanin abin: cikin yara 1000 da aka haifa, masu mutuwa kafin cika shekara 5 sun ragu daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009. Kyautar magani, da gidajen sauro, da ƙananan gidajen likita da aka gina a ƙauyuka, duka sun taimaka.

To ina matsalar ta fito? Ƴan kasuwa za su fi kowa ganewa. Tsarin shi ne: majo ya duba yaro, ya ba shi magani daga kantin likita ba tare da an biya ba, ya rubuta takardar bashi ya aika wa gwamnati, ya jira a biya shi. Amma biyan ya riƙa jinkiri watanni, wani lokaci shekaru, har bashin ya kai miliyoyin jikkuna. Wace mai ƙosai ce za ta yi ta ba da bashi kullum, ba a biyanta, kuma ta ci gaba da sayen wake da mai? Haka kantunan maganin likita da yawa suka bushe. Yaro dai ana duba shi kyauta, amma a ƙarshe sai a miƙo wa uwarsa ordonansi a ce ta tafi farmasi. Kyauta ta tsaya a bakin ƙofa.

Wannan shi ne abin da ya kamata mu sa wa ido game da rahusar 2024. Kuɗin tikiti da na awo su ne suke taimaka wa gidan likita ya sayi magani, safar hannu, auduga da kayan awo, ya biya mai shara da mai gadi. In an rage rabi, dole a samu mai cike gurbin rabin nan a kan lokaci. In ba haka ba, abin da aka rage mana a wurin mai karɓar kuɗi za mu biya shi ninki a farmasi. Domin rahusar ba ta shafi farmasi masu zaman kansu ba, ba ta kuma shafi kilinik ba. Mu tuna kuma cewa akasarin maganinmu daga waje yake zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ƙungiyar CEDEAO ta sa wa ƙasar takunkumi, kaya sun maƙale a tashar ruwan Kwatano, an yi ƙarancin magunguna, aka koma bi ta Lome da Burkina, hanya mai nisa da tsada.

Yanzu mu ɗauki misalin mace mai sayar da kayan miya da jarin jika 30. Ɗanta ya kwana da masassara. In ta kai shi likitar unguwa da safe, dubawa kyauta ce, awon cizon sauro na yatsa ba ya wuce minti 15, maganin kwana uku ne. Abin da ta rasa shi ne cinikin rabin yini da kuɗin kabu-kabu. In kuwa ta jira kwana uku tana ba shi ƙwayoyin tebur, har jini ya ƙare ko ya fara sanƙarewa, to lissafi ya canza: kwanciya, ƙarin ruwa, biɗar mai ba da jini, ordonansi safe da marece, abincin masu jinya, ga tumatir yana ruɓewa a rumfa. Jika 30 ba ta kai mako. Ashe abin da ya fi cin kuɗi ba tikiti ba ne. Jinkiri ne, da ordonansi, da kwanakin da ba a fita kasuwa ba.

A nan ne kilinik take samun masu zuwa. Mu faɗi gaskiya, abin da kilinik take sayarwa da farko shi ne lokaci da tarba. Babu dogon layi, ana yi maka magana da mutunci, ɗaki da tsabta, awo ya fito yau. Ga ɗan kasuwar da rufe shagonsa na yini guda ya fi kuɗin ganin lokotoro, wannan lissafi ne mai ma'ana, ba almubazzaranci ba ne. Amma akwai abu uku da ya kamata a sani. Na ɗaya, kowane awo da kowane kwana kuɗi ne, don haka a tambayi farashi tun kafin a kwanta. Na biyu, abin da yake kyauta a likitar gwamnati, kamar fiɗar haihuwa, a kilinik ɗaruruwan jikkuna ne. Na uku, in ciwo ya yi tsanani, ana buƙatar jini da yawa ko manyan na'urori, ƙananan kilinik da yawa suna tura mutum babbar likitar gwamnati, ya isa can aljihu babu komi. Ba sirri ba ne kuma cewa wasu lokotorin da muke gani da marece a kilinik su ne na likitar gwamnati da safe. Ilimin ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne kayan aiki da yawan masu jira.

Akwai kuma likita ta uku da ta fi kowace yawan jama'a, ita ce ta tebur da ta kan kai. Mai tallan magani yana sayar da ƙwaya ɗaya-ɗaya, yana ba da bashi, ba ya tambayar karne. Amma maganin da ya yini cikin ranar watan Afrilu, wa ya san ƙarfin da ya rage masa? A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, magani ɗaya cikin goma jabu ne ko maras inganci. Mu a Nijar mun ɗanɗana: a annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa dubban mutane allurar rigakafi ta jabu. Araha ba ta ado, balle a kan rai.

To mi ya rage mana? Daga ɓangaren hukuma, buƙatarmu a fili take. A biya gidajen likita kuɗin kyauta da na rahusa a kan lokaci, don kantin magani ya cika. A liƙa farashi da jerin abubuwan kyauta a bakin kowace likita, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a kuma karanta su a rediyo don waɗanda ba su yi lakol ba. A sa ido kan farashin kilinik da ingancin aikinsu. A tuna kuma da alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya, wanda ƙasarmu ba ta kai ba.

Daga ɓangarenmu, akwai abin da yake hannunmu tun yau. Mu san haƙƙinmu, mu karɓi rasit duk inda muka biya. In an rubuta mana ordonansi, mu tambaya ko akwai irin maganin mai rahusa wanda ake kira jenerik, domin aikinsu ɗaya ne. Lokacin damina mu buɗe ƙofa ga masu rarraba maganin rigakafin masassara na yara, mu ba da shi har ya cika. Sa'annan mu ware asusun lafiya daban da jari. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu: tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi ya fara a 1991, kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Matan da suka iya tara dala-dala har suka sayi awaki za su iya ware akwati guda na ciwo, wanda ba a taɓawa don biki ko suna. Ƙungiyoyin mahauta, teloli da ƴan tireda su ma haka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rahusa ta zo, mun yaba. Amma ma'auninta na gaskiya shi ne ranar da uwa za ta fito daga likita da magani a hannu, ba da takarda ba, ta koma rumfarta jarinta na nan. Har zuwa wannan rana, mu ci gaba da tambaya, mu kuma riƙa zuwa da wuri. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka cikin kasuwa.