Ɓarin Tumaki da Awon Cikin Matanmu

'Yan uwa makiyaya da 'yan kasuwar dabbobi, idan tunkiya ko akuya ta yi ɓari, akasari sai a ce bakkale ne, a yar da ɗan a ci gaba da harka. To, ba kowane ɓari ne bakkale ba. Akwai wata cuta da likitoci ke kira tokzoplasmosis, tana sa ƙananan dabbobi ɓari, kuma tana kama mutum.

Ƙwayar cutar tana hayayyafa ne a hanjin kyanwa, ta fito cikin kashinta, ta shiga ƙasa da ruwa da ciyawa. A wuri mai danshi tana iya wuce shekara da ranta. Mutum yakan ɗauke ta ta hanyar naman da bai dahu ba, ko ɗanyar madarar akuya, ko hannun da bai wanke ba. Babba mai lafiya sau da yawa ba ya ma sanin ya kamu. Amma idan mace ta kamu karo na farko tana da juna biyu, cutar na iya ratsawa ta kai ga jariri, cikin ya zube, ko a haife shi da ruwa a ka, ko idonsa ya lalace bayan shekaru.

A Faransa tun 1992 doka ta ce duk mai cikin da jininta ya nuna ba ta taɓa kamuwa ba, a riƙa gwada ta kowane wata har ta haihu. Wadda aka gano ta kamu, a ba ta maganin Spiramycin. Ingila da Amurka ba su bi wannan tsari ba. Mu ma ba za mu iya ba, domin matar da ke bin garke daga mashaya zuwa mashaya ba ta da asibitin da za ta je duk wata.

Amma rashin iya na wata-wata ba hujja ba ce ta barin abin kwata-kwata. Ra'ayinmu shi ne a sa wannan gwajin cikin awon farko, domin mace ta san matsayinta. Wadda ba ta taɓa kamuwa ba ita ce ke cikin haɗari, ita ya kamata a ja wa kunne. Kuma awon ya zo inda muke. A Cadi, daga shekarar 2000, an gwada haɗa allurar dabbobi da ta mata da yara a zango ɗaya. In malamin dabbobi zai iya iske garke a daji, ungozoma ma za ta iya.

Kafin hukuma ta motsa, aikin na maigida ne. Mai ciki kada ta taɓa ɗan ɓari ko mabiyiyarsa. Namiji ya ɗauke ya binne, ya wanke hannu da sabulu. A tafasa madara. Tsiren kasuwa mai ja a ciki, a mai da shi wuta kafin a kai mata.