Tallafin Masu Ƙaramin Ƙarfi: Da Yayyafi Kogi Kan Cika

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Gombe ko Tashar Dukku da hantsi, sa'ad da ya kamata a ce yara suna cikin aji, zai ga 'yan mata ƙanana ɗauke da farantan gyaɗa da ƙosai da awara. Galibin iyayensu ba ƙin boko suke yi ba. Ribar wannan faranti da ita ake cefanen yini a gidaje da yawa na Bolari da Pantami da Herwagana. Ko da yake dokar ilmin bai-ɗaya ta 1 zuwa aji tara, watau dokar 2004, ta ce karatu kyauta ne kuma tilas, kayan makaranta da littattafai da abin karin kumallo duk a wuyan iyaye suke.

Domin irin waɗannan gidaje ne Gwamnatin Tarayya ta Shugaba Muhammadu Buhari ta soma raba kuɗi a cikin 2016, da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya. Tsarin shi ne mutanen gari su zauna su fid da gidajen da suka fi talauci a cikinsu, a rubuta su a rajistar ƙasa, sa'an nan a ba kowane gida Naira 5,000 a wata, a haɗa a biya Naira 10,000 bayan kowane wata biyu. Yawanci uwar gida ake danƙa wa, domin ita ta san abin da ke cikin tukunya.

A cikin 2018 aka ƙara da dala miliyan 322 da ƙasar Suwizalan ta maido wa Nijeriya daga dukiyar da aka ɓoye a zamanin Janar Sani Abacha, Gombe kuwa tana cikin jihohin da aka raba wa. Ikon Allah ke nan: mutumin da ya yanke Jihar Gombe daga Bauci ran 1 ga Oktoba, 1996, kuɗin da aka ƙwato da sunansa suka dawo hannun matan Gombe.

Lalle an amfana. Mata da dama sun shiga adashi, wasu sun sayi akuya, wasu sun ƙara jarin sana'ar cikin gida. Amma abu biyu sun rage wa shirin albarka. Na farko, biyan ya sha yin jinkiri na watanni, daga baya a tara a biya a dunƙule. Na biyu, hauhawar farashi ta cinye kuɗin. Naira 5,000 da ta kai kimanin dala 16 a cikin 2017, da ƙyar ta wuce dala 3 a cikin 2024.

Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, sai aka yi shelar ba gidaje miliyan 15 Naira 25,000 a wata, har wata uku. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da shirin, aka kuma dakatar da ministar da ke kula da shi bisa zargin karkatar da kuɗi. Daga baya aka ci gaba, da sharaɗin mai karɓa ya mallaki lambar shaidar ɗan ƙasa. To, Naira 75,000 kuɗi ne, amma wata uku zango ɗaya ne kacal na makaranta, alhali kuwa firamare shekara shida ce.

A nan ne gizo ke saƙa. Uwa ba za ta sauke wa 'yarta farantin talla ba sai ta tabbata abin da zai maye gurbinsa yana tafe kowane wata. Kuɗin da ba a san ranar zuwansu ba, bashi ake biya da su, ko a sayi hatsi a cinye, yarinya kuwa tana nan a tasha. Ƙasar Barazil ta gane haka. A cikin 2003 ta soma shirinta na Bolsa Família, wanda yake biyan iyaye mata wata-wata, a ranar da kowa ya sani, bisa sharaɗin yara su je makaranta, a kuma yi musu allurar rigakafi.

Gombe tana da dalilin kula da wannan darasi fiye da jihohi da yawa. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sami 'yan Nijeriya miliyan 133 cikin talauci mai fuskoki da yawa, ya kuma sa Gombe cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Gwamna Inuwa Yahaya ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a cikin 2019, amma gina azuzuwa ba ya cika su idan gida ya dogara da tallar yaro.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jiha da ta Tarayya su tsai da ranar biya wadda ba ta tashi, su riƙa ƙara adadin gwargwadon farashin hatsi, su ɗaura shi da rajistar halartar aji. A kuma karanta sunayen masu karɓa a bainar jama'a, gaban masu unguwa da limamai, domin kada rabon marayu da zawarawa ya koma aljihun 'yan koren siyasa. Alkawari kaya ne, wanda aka yi wa talaka kuwa ya fi kowanne nauyi. Allah Ya ba shugabanni ikon sauke shi.