Ku bar yaro ya shiga ƙarƙashin mota

Malamai da iyaye, ban yarda da ku ba. A Faransa, mai tsohuwar Peugeot 504 Coupé, irin wadda ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1978, da hannunsa yake canja mata sifirin da amortisa a gida, yana alfahari. Mu ko, da yaro ya shafa baƙin mai, sai mu ce ya lalace. Alhali dokar Hooke da muke sa shi haddacewa a lise tana nan jikin sifirin ɗin: gwargwadon nauyi, gwargwadon matsewarsa. Amortisa kuma ita ke kashe tsallen. Ku gargaɗe shi, kada ya kwanta ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ya ɗaga, sai an tokare ta. Amma bulala ba ta da wuri a nan.